Kik ɗin Mota Mai Yau Lafiya Gobe Ciwo

A cikin matsalolin mota babu wadda ta fi wahalar da direba da bakanike irin wadda take zuwa ta tafi. Mutum zai murɗa makulli da safe mota ta tashi salin-alin, da azahar kuma ya murɗa ya ji "ƙas", sannan tsit. In aka kai ta gareji kuwa sai ta tashi bugu ɗaya, kamar majinyacin da ya warke a ƙofar asibiti. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin yadda ake gano tushen matsalar, domin na lura mutane da yawa suna sayen sabon kik alhali nasu lafiyarsa lau.

Kik dai kalmar aro ce daga Ingilishi, inda take nufin bugu da ƙafa, kamar yadda ake yi wa babur. A mota kuwa suna ne na wani ɗan injin lantarki mai juya babban inji har ya kama da kansa. Kafin kamfanin Cadillac na Amurka ya sa irin wanda Charles Kettering ya ƙera a motocinsa a 1912, da hannu ake juya inji, wani lokaci har ƙarfen ya karya wa mutum hannu.

Idan aka murɗa makulli, wuta kaɗan ce take tafiya zuwa wani maganaɗisu da ke jikin kik, wanda masu gyara suke kira salanoyid. Shi zai tura ƙaramin giya ya shiga haƙoran filawil, ya kuma haɗa wasu tagulla biyu domin babbar wuta ta wuce daga batir zuwa cikin kik ta kan burushi. A nan gizo ke saƙa. Batirin mota bolt 12 ne kacal, amma kik yakan ja amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar mota mai fetur. Saboda haka ɗan datti ko sako-sako da ba zai hana fitila ko rediyo aiki ba, ya isa ya hana kik juyawa. Yau girgizar hanya ta matse wurin, gobe zafin inji ya buɗe shi.

Shi ya sa nake ganin gwajin da ya fi amfani shi ne na lokacin da motar ta ƙi tashi. A kunna manyan fitilu, a murɗa makulli, a kasa kunne. A nan ɗalibin Hausa ya fi kowa sa'a, don amsa-kama ita ce kayan aikin. Idan an ji "kyat-kyat-kyat" da sauri kuma fitilu suka dushe, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya yi wannan farin gari mai kama da kanwa, ko wayar da ta haɗa batir da jikin inji ta kwance. Wannan waya ta ƙarshe ita aka fi mantawa da ita. Mai mita zai ga lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6, kuma bai kamata ya sauko ƙasa da 9.6 ba lokacin da kik yake juyawa.

Idan kuwa "ƙas" ɗaya aka ji, fitilu kuma suna nan tangaram, to laifin yana cikin kik. Ko dai tagullar nan biyu sun ƙone sun yi rami, abin da tsofaffin motocin Toyota suka yi suna a kansa, ko burushi ya cinye har ba ya taɓa amecha sosai. Wannan ne dalilin da ya sa direbobin tasha suke ƙwanƙwasa kik da sufana sai mota ta tashi: bugun yana girgiza burushin ya zauna. Dabara ce ta fita daga daji, ba magani ba ce, kuma yawancin kik na yanzu suna da maganaɗisu mai saurin tsagewa idan aka cika hannu.

Shiru gaba ɗaya yana nuna umarnin makulli bai iso ba. Sai a duba fiyus da rile da mazaunin makullin. A mota mai giya otomatik, a mayar da giya kan N a sake gwadawa. In ta tashi, makunnin da ke jikin giyar ne. "Wuiii" ba tare da inji ya motsa ba kuwa, ƙaramin giyan ne yake zamewa.

Gyaran sai a fara shi daga mai araha. A wanke kan batir, a kankare mahaɗar wayoyi, a ɗaure su tamau. In hakan bai yi ba, sai mai wayarin ya sauke kik, bayan ya fara cire wayar batir ta gefen da ke da alamar ragewa, domin babbar wayar kik kullum da wuta take, kuma sufana na iya haɗa gobara. Sauya burushi da tagulla ya fi sayen kik ɗan Beljiyam sauƙi nesa ba kusa ba, tunda shi ma wanda za a sayo ba a san yawan abin da ya rage a burushinsa ba. Kafin a kai ga gyara, kada a riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, don zafi yana ƙona wayoyin da ke naɗe a cikin kik.