Abin da Duwatsun Majami'u Ke Faɗi Game da Masu Sassaƙa Su

An daɗe ana ɗaukar maginan manyan majami'un Turai na tsakiyar zamani, wato daga ƙarni na 5 zuwa na 15, a matsayin taron leburori marasa suna waɗanda ibada kaɗai ta tura su aiki. Binciken 'yan shekarun nan ya rage wa wannan zato ƙarfi, domin masana sun koma ga duwatsun kansu suna nazarinsu, maimakon dogara ga abin da limaman coci suka rubuta.

Gobarar da ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris ranar 15 ga Afrilu, 2019, duk da ɓarnar da ta yi, ta buɗe wa masu bincike sassan ginin da ido bai gani ba tsawon ƙarnoni. A saman bangaye an tarar da jerin ƙarafa masu lanƙwasassun bakuna biyu, waɗanda aka kafa domin su ɗaure dutse da ɗan'uwansa. Ayarin masana ƙarƙashin Maxime L'Héritier ya auna shekarun wasu daga cikinsu ta hanyar sinadarin kabon, wato ragowar gawayin da aka narka tama da shi, wanda yake maƙalewa cikin ƙarfe. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa mafi tsufa daga ƙarafan ginin na shekarun 1160 ne, daidai lokacin da aka ɗora harsashi a 1163, ke nan tun farko magini ya sa maƙeri cikin lissafinsa kafin ya yi ƙundumbalar kai rufin ciki sama da mita 30. Wasu ƙarafan ma haɗin gutsattsari ne da suka fito daga wurare dabam-dabam, abin da ke nuna kasuwar ƙarfe mai rai a Paris ta wancan lokaci.

Haƙan da hukumar binciken kayan tarihi ta Faransa, INRAP, ta yi a ƙasan majami'ar a 2022 kuma ya fito da gutsattsari sama da dubu na shingen dutse na ƙarni na 13, wanda yake raba wurin limamai da na sauran masu ibada kafin a rushe shi a farkon ƙarni na 18. Kawuna da hannuwan gumakan da ke jikin shingen sun fito da launinsu, ja da shuɗi da ruwan zinariya, alhali mutanen yau sun saba ganin irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe fari fat.

Ƙananan alamomin da masassaƙa ke yankawa a jikin dutse, irin su kibiya, tauraro ko harafi, su ma sun zama hujja. Inda ake biyan aiki jinga, alamar ce ke nuna wa mai biyan kuɗi yawan duwatsun da kowa ya gyara, kuma masana irin su Jennifer Alexander ta Jami'ar Warwick a Ingila suna bin sawunsu domin gane wane sashe aka fara ginawa da inda aiki ya tsaya. Sai dai a nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin alama mai sauƙi tana iya maimaituwa a hannun mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Ko sunan Gislebertus da aka sassaƙa a ƙofar majami'ar Autun wajen 1130, wanda aka daɗe ana ɗauka na masassaƙin ne, masaniya Linda Seidel ta kawo hujja a 1999 cewa yana iya zama na wani basarake mai alaƙa da majami'ar.