Amana da Takarda: Hausawa Mazauna Ƙetare a Tsakanin Yarjejeniya Biyu

Kaso mai yawa na atamfa da shadda da takalma da kayan lantarki da ake saukewa a kasuwannin Kano da Maraɗi da Damagaram yana biyowa ne ta hannun wani Bahaushe mazaunin Guangzhou ko Yiwu a ƙasar Sin, ko mazaunin unguwar Deira a Dubai, wanda shi ne ya zaga ya nemo kayan, ya yi cinikinsu, ya ba da kafin alƙalami, ya kuma tsaya a kansu har aka yi lodi. Irin wannan mutum yana ɗauke da yarjejeniya biyu a lokaci guda: ɗaya tsakaninsa da mai dukiya da ke gida, wadda galibi ba ta wuce saƙon murya ta WhatsApp da sanayyar iyaye da kakanni ba, ɗaya kuma tsakaninsa da masana'anta da kamfanin sufuri, wadda aka rubuta da Turanci ko Sinanci aka buga mata hatimi. Idan kaya sun iso lafiya babu mai tunawa da giɓin da ke tsakaninsu, amma idan sun jiƙe, ko sun makara, ko an tsare su a tasha, asarar kan faɗa ne a kan na tsakiya, domin sunansa ne a takarda, mutuncinsa ne kuma a gida.

Wannan matsayi ya daɗe a fataucin Hausawa. Tun zamanin da ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayo goro a ƙarƙashin madugu, akwai fatoma a Salaga, daga baya kuma a zangon Kumasi, wato mai masaukin da ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya masa idan an sayar bashi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi saboda mai masauki ya lamunce, kuma ya san cewa ranar da ya bar kuɗin baƙonsa ya salwanta labari zai isa Arewa, fatake su daina sauka a gidansa. Tsarin ya ɗore ne saboda ana ganin haja da ido kafin a sallama, kuma duk masu hannu a cinikin suna cikin da'irar da zubewar mutunci ko hana bashi ke iya ladabtarwa. Kamfanin jiragen ruwa mai hedkwata a Turai ba ya cikin wannan da'ira, haka ma masaƙar da ke wani lardi na Sin.

Abin da ke hukunci a wancan ɓangaren rubutattun ƙa'idoji ne, mafi shahara a cikinsu kuwa su ne Incoterms, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai mazauni a Paris ta fara fitarwa a 1936, ta kuma sabunta su a 2020. Ƙa'idoji 11 ne, kowace ana taƙaita ta da haruffa uku, kuma aikinsu shi ne fayyace wanda zai biya kuɗin dako da inshora da kwastan, da kuma gaɓar da alhakin asara ke tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye. A ƙarƙashin FOB, mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar kaya sun hau jirgi a tashar da aka ambata. A ƙarƙashin CIF kuwa shi ke biyan kuɗin jirgi da inshora har tashar sauka, abin da ke sa wasu su ɗauka cewa kayan suna wuyansa har Legas ko Kwatano, alhali alhakin asara ya riga ya koma kan mai saye tun a tashar lodi, kuma inshorar da aka wajabta ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ke ɗaukar manyan haɗura kamar gobara da nutsewar jirgi amma ba ta ɗaukar sata ko jiƙewa. Wakilin da ya gaya wa maigidansa cewa ya sayi kaya "har Legas" ya ɗauki alkawarin da takardar da ke hannunsa ba ta ɗauka ba.

Ƙananan 'yan kasuwa ma ba su kai ga wannan mataki ba, domin ba su da hajar da za ta cika kwantena, sai dai su bi ta hannun 'yan kago, masu haɗa kayan mutane da yawa wuri guda su caji kowa gwargwadon CBM, wato sararin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. A siton 'yan kago ana ganin kwalaye da buhuna jibge har rufi, an naɗe kowanne da salatif, an rubuta masa da baƙar maka sunan mai shi da lambar wayarsa da garin da za a kai, abin da wakili ke fita da shi kuwa ɗan rasit ne da zai ɗauki hotonsa ya tura gida. Takardar lodi, wadda ita ce shaidar cewa jirgi ya karɓi kaya, kuma shaidar yarjejeniyar dako, kuma wadda mai riƙe da ita ke da ikon karɓar kayan a tashar sauka, tana fitowa ne da sunan kamfanin kago. Saboda haka idan mutum ɗaya ya cusa haramtacciyar haja, ko aka rage ƙimar kaya a takardar kwastan, kwantenar gaba ɗaya ake tsarewa, kwanakin rangwame su ƙare, kuɗin jinkiri ya shiga hauhawa kullum, kuma babu inda rasit ɗin ya faɗi wanda zai biya. Ko da laifin na jirgi ne, yarjejeniyoyin dakon teku sun ƙayyade iyakar diyyar da zai biya a kan kowane ƙunshi, sun kuma sa wa'adin kai ƙara: shekara ɗaya a ƙa'idojin Hague, biyu a ƙa'idojin Hamburg na 1978.

Mafi sarƙaƙiya duka shi ne matsayin wakilin kansa. A fiƙihun Malikiyya wakili amini ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare umarnin da aka ba shi, wanda kuwa ya sayi haja da sunansa domin ya sayar da riba, asararta tana kansa muddin tana cikin mallakarsa. A aikace ana cakuɗa biyun. Wani yana karɓar la'ada daga mai dukiya, ya karɓi wata a ɓoye daga masana'anta, ko ya ɗora wani abu a kan farashi, sai ranar da shadda ta iso da launin da ba shi aka zaɓa ba ya tuna cewa shi ɗan aike ne, mai dukiya kuma ya nace cewa a hannunsa ya saya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ne a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, amma duk da haka yaron da ya nemi uban gidansa su yi rubutu sau da yawa ana fassara shi da rashin yarda, kuma wannan kawaici, wanda ake yabawa a zaman gida, shi ne abu mafi tsada a cinikin ƙetare.

Canjin kuɗi ya ƙara fito da matsalar. Al'adar masana'antun Sin ita ce a biya kashi 30 cikin 100 kafin a fara aiki, a cika 70 kafin lodi, kuma tsakanin biyan biyu ana iya ɗaukar watanni. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wakilai suka wayi gari da cikon da suka sa wa hannu da dala ko yuan, alhali masu dukiya da naira suka yi lissafi.

Hausawan Kwatano da Lome, masu fitar da kaya daga tasha da ɗora su a manyan motoci, nasu haɗarin na kan iyaka ne. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya a kan iyakar Benin da Nijar, kwantenoni suka taru a Kwatano, aka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Rubutattun kwangiloli kan ƙunshi sharaɗin uzuri, wanda ke ɗage wa mutum alhakin jinkiri idan abin da ya fi ƙarfinsa ya auku, sai dai wannan sharaɗi ba kasafai yake dakatar da kuɗin jinkirin kwantena ba, cinikin baka kuwa ba shi da shi sam. Nijar da Benin da Togo da Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, tsarin dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka kafa a 1993, wanda ke da doka ta musamman kan dakon kaya ta mota tun 2003, amma Nijeriya da Gana ba sa ciki, don haka mota ɗaya kan sauya doka a tsakiyar tafiya.

Idan rigima ta ɓarke, hanyar da aka tanada ita ce sasanci a gaban alƙalan da ɓangarorin suka zaɓa, kuma Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya da Nijar da Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk suka shiga, ta wajabta wa kotunan ƙasashen zartar da hukuncinsu. Sai dai tana aiki ne idan an rubuta sharaɗin sasancin, kuma idan an san ainihin wanda za a yi ƙara. A Sin kamfani yana ɗaure kansa ne da sunansa na rajista da aka rubuta da Sinanci da kuma jan hatiminsa, alhali takardun farashi da yawa da ke hannun wakilai sunan Turanci kawai suke ɗauke da shi, tare da asusun wani mutum ko wani kamfani na Hong Kong. Kuɗin lauya kuma yakan fi ƙimar dilolin da ake jayayya a kansu. Shi ya sa yawancin ƙorafi ke ƙarewa a gaban shugabannin al'umma da dattawan masallaci, waɗanda ke iya sa Bahaushe ya biya ɗan'uwansa kaɗan-kaɗan amma ba su da ta cewa a kan masana'anta, wakilin da bizarsa ta ƙare kuwa ko ƙofar kotu ba ya kusanta, kuma masu sayar masa da kaya sun san da haka.