Bitamin D: Rana Tana Nan, Ƙashi Yana Laushi

Da wuya mutumin Kano ko na Damagaram ya yarda cewa jikinsa zai rasa abin da rana ke bayarwa. Amma likitoci suna ganin ƙarancin bitamin D har a Saudiyya da Indiya, inda rana ke ƙwallewa kusan duk shekara. Jiki ba ya amfana da ita sai ta taɓa fata.

Fata ce ke haɗa wannan sinadari idan wani kaso na hasken rana ya sauka a kanta. Daga nan jini ya kai shi hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga ko na mota, tufa tana tare shi, kuma baƙar fata ta fi fara buƙatar daɗewa a rana. Shi ya sa ma'aikacin da ke shiga ofis da sassafe ya fito gab da magariba, da matar da ke wuni a ɗaka a gidan haya marar tsakar gida, da tsohon da ciwo ya kwantar, duk ƙarancinsa zai iya shafar su. Haka ma jariri mai shan nono zalla, domin nonon uwa, duk da albarkarsa, bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne.

Ga babba, abin yakan zo a ɓoye: ciwon ƙugu da cinyoyi, kasala, tashi daga tabarma sai an dafa bango. Sai a ce sanyi ne, a yi ta shan maganin ciwon jiki. Ga yaro kuwa ido yana gani. Ya makara wajen tafiya, maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba, wuyan hannu ya yi kauri, ƙulle-ƙulle su jeru a haƙarƙari kamar ƙwayoyin carbi, ƙafafu su lanƙwashe ko su yi gwame.

Wannan laushin ƙashi ya addabi yaran biranen masana'antu na Ingila, inda hayaƙi ke tare rana. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da shi a jikin karnuka, a 1922 kuma Elmer McCollum na Amurka ya gano sinadarin da ke yin aikin, wato bitamin D.

Sai dai labarin namu yana da wata fuska, kuma a nan ne masu gaggawar shiga kemis ya kamata su tsaya. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada magani a kan yara masu lanƙwasassun ƙafafu, suka wallafa sakamakon a 1999. Yaran da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kacal a rana. An yaye yaro, an ɗora shi kan koko da tuwon masara, babu nono, babu madara. Irin wannan yaro ko an cika shi da bitamin D, me hanjin zai tsotsa? Kindirmo da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya suna daga cikin maganinsa.

To ƙwayar bitamin D fa? Tana da amfani ga wanda ke buƙata, tunda abincin da ke ɗauke da wannan bitamin bai da yawa: kifi mai maiƙo irin su sadin, gwaiduwar ƙwai, hanta. Ƙa'idar da aka tsayar a Amurka ita ce IU (ma'aunin bitamin) 400 a rana ga jariri, 600 daga shekara ɗaya zuwa 70, sannan 800 ga wanda ya haura haka. Babba kada ya wuce 4,000 a rana da ra'ayin kansa. A haɗiye ta lokacin cin abinci mai maiƙo, ta fi shiga jiki.

Akwai ƙwaya mai IU 50,000 da likita kan rubuta a sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci, bayan gwajin jini. Wanda ya mayar da ita ta kullum zai sha wahala, domin wannan bitamin ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi a kitse. Kalsiyam ya yi yawa a jini, a fara amai da ƙishirwa da yawan fitsari, wani lokaci har tsakuwa ta fito a ƙoda.

Masu tallar ta a matsayin rigakafin kowace cuta kuwa, a ganina sun yi azarɓaɓi. Wani babban gwaji a Amurka mai suna VITAL ya ba manya IU 2,000 kullum na kimanin shekara biyar, cikin mutum sama da 25,000 da suka shiga. Da sakamakon ya fito a 2018, ba a ga ta rage kamuwa da cutar kansa ko bugun zuciya ba.