Yadda Za Mu Ƙware A Zanen Kayan Da Aka Jera A Tebur

A duk lokacin da malami ya jera buta, kwano da lemo biyu a kan tebur ya ce a zana, akan ji wasu daga cikinmu suna cewa su ba su da baiwa. Mu da muke Ƙungiyar Zane-zane mun lura cewa yawancin masu faɗin haka hannunsu lafiya lau yake. Abin da suka rasa shi ne kallo. Ɗalibi yakan dubi butar sau ɗaya, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya zana butar da ke cikin kansa. A jarrabawar WAEC kuwa akwai sashen da ake jera kaya a gaban ɗalibi a ce ya zana, kuma abin da ke gabansa ake dubawa wajen ba da maki.

Irin wannan zane ya daɗe. Masu zane na ƙasar Holan sun shahara da shi a ƙarni na 17. Sukan zana furanni, burodi da kofuna, wani lokaci har da ƙoƙon kan mutum da kyandir da ya kusa ƙarewa, domin su tuna wa mai kallo saƙon Littafin Mai-Wa'azi game da shuɗewar kayan duniya. Paul Cezanne na Faransa, wanda ya rasu a 1906, ya yi ta zana tuffa a kan tebur. Shi ne ya shawarci wani matashin mai zane a 1904 da ya riƙa neman siffofi masu sauƙi, kamar ta ƙwallo da ta gwangwani, a cikin duk abin da ya gani. Shawarar tana da amfani a gare mu. Tulu ƙwallo ne da aka ɗora wa gajeren gwangwani. Ƙwarya kuma rabin ƙwallo ce.

Kafin fensir ya taɓa takarda, sai mu auna. A miƙe hannu sosai ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, a rufe ido ɗaya, a daidaita kan fensir da saman kofi, a sa babban yatsa daidai gindinsa. Wannan tsawo ya zama ma'auninmu. Da shi za mu ga ko butar ta yi kofi biyu ne ko biyu da rabi, da kuma faɗin dukan kayan. Idan hannu ya lanƙwashe a awo na biyu, lissafin ya rushe. Haka nan idan mutum ya ja kujerarsa gefe bayan ya fara. Bayan awo sai a zana babban tsarin da layi mara nauyi, a tabbata kayan duka sun shiga takarda, kada a gama buta da kyau sa'an nan a tarar babu wurin kwano.

Inda muka fi faɗuwa shi ne bakin kwano. Kowa ya san bakin kwano da'ira ne, amma daga inda muke zaune ba da'ira muke gani ba, sai da'irar da aka danne. In bakin yana daidai da tsayin idonmu, layi ɗaya kawai zai zama. Gwargwadon yadda ya yi ƙasa da ido, haka yake ƙara buɗewa. Saboda haka gindin gwangwanin madara da ke kan tebur ya fi bakinsa lanƙwasa, tun da ya fi nisa ƙasa da ido. Amma ɗalibai da yawa sukan zana baki a zagaye, su ja gindi a miƙe kamar da rula, sai gwangwanin ya zama kamar an yanke shi da almakashi. Wani kuskuren kuma shi ne yi wa gefen bakin tsini kamar idon kifi. Da'ira ba ta da kusurwa ko ta ina aka dube ta. Maganin wannan shi ne a zana zagayen gaba ɗaya, har da ɓangaren da ke ɓoye a baya, kamar dai kwanon na gilashi ne, daga baya a goge wanda ido ba ya gani. Ga kwalba ko tulu, a fara jan layi a tsaye ta tsakiya, domin hagu da dama su yi daidai.

Abin da ke baya, gindinsa yakan zauna sama kaɗan a takarda fiye da na gaba. A riƙa duba siffar filin da ke tsakanin kaya ma, alal misali ramin da ke cikin mariƙin buta. In siffar ramin ta fito daidai, mariƙin ma ya fito.

Sai batun haske da inuwa, wanda shi ke sa lemo ya fito kamar a ɗauka. A jera kayan kusa da taga ɗaya, a kashe fitilar aji, don hasken ya zo ta gefe guda. In muka ɗan runtse ido, ƙananan abubuwa sukan ɓace, wurare masu duhu da masu haske su fito fili. A jikin lemo za mu ga inda haske ya bugo, da inda ya fara dushewa, da wuri mafi duhu. Abin mamaki, mafi duhun ba a can ƙarshen gefe yake ba, domin tebur yana mayar da ɗan haske a ƙasan lemon. Wannan ɗan hasken bai kamata ya kai na ɓangaren taga ba. Inuwar da ta faɗi a tebur ta fi baƙi daidai inda lemon ya zauna, tana raguwa yayin da take nisa. Wanda ya manta da ita, kayansa za su zama kamar suna shawagi a iska.

Fensir HB ya isa tsara layi, 2B da 4B kuma na inuwa ne, don sun fi laushi da baƙi. A fara da mara nauyi, a yi ta ƙarawa. Mu dai ba mu goyi bayan yawan murza zane da yatsa ba, domin maiƙon hannu yakan sa takarda ta yi dauɗa, ƙarfe da yumɓu da ɓawon lemo su koma iri ɗaya. Wanda ba shi da waɗannan fensira, gawayin murhu da bayan tsohuwar kalanda sun ishe shi koyo.

Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya rasu a 1964, kusan duk rayuwarsa kwalabe da tuluna iri ɗaya ya yi ta zanawa a ɗakinsa a birnin Bolonya. Mu ma a lokacin hutu muna iya ɗaukar abu ɗaya a gida, ko fitilar ƙwai ko ludayi da ƙwarya, mu zana shi minti 15 kowace rana, muna rubuta kwanan wata a ƙasa. In an gama, a ɗaga zanen a gaban madubi. Karkacewar da ido ya saba da ita nan take za ta bayyana. 'Yan kwana kuma su fi dogara ga buta da kwano, don mun sha jera mangwaro a ɗakin zane mu dawo washegari mu tarar da ƙwallonsa kawai.