Daga Bizar Ziyara Zuwa Bizar Ɗalibi: Abin Da Ya Kamata Mai Neman Ilmi Ya Sani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta zama wurin da ke bukatar masana ƙasa da tsirrai da ƙwari da lafiyar dabbobi. A yau akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, ga kuma Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Duk da haka, da yawa daga cikin samarin da suka gama waɗannan makarantu hankalinsu yana kan ƙaro ilmi a ƙasashen waje. A nan ne wata shawara take yawo a majalisu, wai mutum ya samu ya shiga ƙasar ko da bizar ziyara ce ko ta Umara, in ya je can sai ya canza. Wannan shawara ta salwantar da gonaki da shanun da aka sayar domin kuɗin jirgi, saboda haka ya dace a duba ta da idon basira.

Biza daban, matsayin zama daban

Biza izini ce da ofishin jakadanci yake bai wa matafiyi domin ya isa bakin iyakar ƙasa ya nemi shiga. Matsayin zama kuwa shi ne sharaɗin da aka shigar da shi a kansa, wato me ya zo yi, kuma har yaushe zai zauna. Wanda ya shiga a matsayin baƙo, doka tana kallonsa a matsayin baƙo ko da jami'a ta ba shi gurbin karatu. Jami'a ke ɗaukar ɗalibi, amma hukumar shige da fice ce kaɗai ke da ikon canza matsayinsa.

A Ingila ƙa'idar a fili take: wanda ya shiga da bizar ziyara ba zai iya juya ta zuwa bizar ɗalibi yana cikin ƙasar ba. Tilas ya fita ya nema daga waje, bayan jami'arsa ta ba shi lambar tabbacin gurbi da ake kira CAS. Bugu da ƙari, tun daga watan Janairu na 2024, yawancin ɗalibai ba sa iya tafiya da iyalinsu, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

A Amurka doka ta ba da kafar neman canji daga ciki, amma kafar ƙunci gare ta. Makaranta ce za ta fara ba da takardar I-20, mai nema ya biya kuɗin rajistar ɗalibai baƙi, sannan ya miƙa fam mai lamba I-539 kafin wa'adin zamansa ya cika. Ba shi da izinin shiga aji sai an amince, kuma jiran yakan ɗauki watanni. In ya fara karatu kafin amsa ta fito, ya karya sharaɗin da aka shigar da shi a kai. Ko an amince, matsayi kawai ya samu. Ranar da ya zo gida hutu, sai ya nemi biza a ofishin jakadanci kafin ya koma. Wannan batu ya ƙara nauyi ga 'yan Nijeriya, domin a watan Yuli na 2025 Amurka ta taƙaita yawancin bizojinsu zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, a watan Disamba na shekarar kuma ta sanar da dakatar da ba su bizar ziyara da ta karatu daga ranar 1 ga Janairu, 2026.

Bizar Umara kuwa ta ibada ce. Mai son karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina yana neman gurbi ne tun daga gida, a ba shi bizar karatu. Wanda ya maƙale bayan wa'adinsa ya shiga sahun 'yan takari, kuma ƙarshen wannan hanya tara ce da kora.

Me ya kawo likita cikin maganar biza?

Abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne, wani kaso na takardun da ake nema a asibiti ake samo su. Dalili kuwa shi ne ƙwayar cuta ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma wanda zai zauna shekara uku a ɗakin kwanan ɗalibai ya fi mai ziyarar mako biyu damar yaɗa abin da yake ɗauke da shi.

Na farko shi ne tarin fuka. Ƙwayar da ke kawo shi, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana bin iska ne daga tarin mai ciwo, kuma tana iya kwanciya a jikin mutum shekaru ba tare da alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita. Saboda haka Ingila ta wajabta wa ɗan Nijeriya da zai zauna fiye da wata shida ya yi hoton ƙirji a asibitin da ta amince da shi. In hoton ya nuna tabo, sai a karɓi majinar ƙirji a shuka ta a ɗakin gwaji. Ƙwayar tana da jinkirin girma ƙwarai, har sakamako yakan kai mako takwas kafin ya fito. Takardar shaidar kuma wata shida take aiki. Ke nan wanda ya bar gwajin sai dab da buɗe makaranta yana iya rasa zango guda. In an sami cutar, ba a rufe ƙofa ba: maganin wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati.

Na biyu shi ne zazzaɓin shawara, wanda sauron Aedes yake yaɗawa. Allurar rigakafinsa tana da tushe a Afirka ta Yamma, domin daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi aka samo ƙwayar a 1927, daga ita kuma Max Theiler ya samar da rigakafin a 1937. Katin shaidar, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda lokacin da jiki yake bukata ke nan kafin ya haɗa garkuwarsa. Tun daga watan Yuli na 2016, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai sayen katin jabu kansa ya cuta, don sauro ba ya duba takarda.

Na uku shi ne zanen yatsa. Layukan da ke kan yatsun ɗan Adam suna samuwa tun yana cikin mahaifa, ba sa canzawa, kuma ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya nasu ba ya zama iri ɗaya. Wanda ya taɓa wuce wa'adinsa a wata ƙasa, ko ya sake fasfo, kwamfuta za ta gane shi.

Riƙe matsayi ya fi samunsa wuya

Matsayin ɗalibi a rataye yake da rajista a makaranta. In ba a biya kuɗi ba, babu rajista; in babu rajista, ba za a sabunta izinin zama ba. Zamfarawa sun ga haka da idonsu. A 2024 kafofin watsa labarai sun ruwaito halin da ɗaliban jihar suka shiga a arewacin tsibirin Kubrus, inda aka tura su karatu da tallafin gwamnati: bashin kuɗin makaranta ya taru, izinin zaman wasunsu ya ƙare, suka wayi gari a ƙarƙashin barazanar kamu da kora. Haka nan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tilasta kwaso ɗaliban Nijeriya daga Khartum. Wanda ya so ƙarasa karatunsa a wata ƙasa sai da ya nemi sabon gurbi da sabuwar biza, domin izinin wata ƙasa ba ya bin mutum zuwa wata.

Baƙin da ke zuwa nan

Maganar ta shafi ɗalibin Maraɗi ko Birnin Ƙwanni da ya ratso ta Jibiya ko Illela domin karatu a Sakkwato ko Talata Mafara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Digiri kuwa shekara huɗu ne, don haka wajibi ne ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, ko da yake a wannan rana ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku suna zirga-zirga har sai an sanar da wani sabon tsari. Ɗalibin Nijar mai hankali zai riƙa bin wannan batu, domin harshe ɗaya da dangantaka ba sa zama madadin takarda.

Kafin a sayar da gona

Uban da ke shirin tura ɗansa waje yana da tambayoyin da ya kamata ya sami amsarsu a rubuce. Shin an sami gurbi a makarantar da ƙasar ta amince ta ɗauki baƙi? Bizar da za a nema ta karatu ce tun daga gida? Wa zai biya kuɗin shekara ta biyu da ta uku? An yi gwajin lafiya da sauran lokaci? Duk dillalin da ya ce a tafi tukuna a gyara daga baya, a tambaye shi wace doka ce ta ce haka, a kuma tabbatar daga ofishin jakadancin ƙasar ko ofishin ɗalibai baƙi na jami'ar. Jinkirin wata shida a Bakura ko Maradun ana haɗa takardu ya fi a dawo da yaro gida da hatimin kora a fasfonsa.