Girman Lamba Ba Shi Ne Ƙarfin Magani Ba

A Makera, ƙetaren Kogin Kaduna, mukan ji mai talla ya jera kwali biyu ya ce nasa ya fi, sabo da lambarsa ta fi girma. Wannan ruɗi ne. Ƙwayar Paracetamol miligiram 500 ce, ta Diclofenac kuwa 50, amma ta farin ba ta ninka ta biyun ƙarfi sau goma ba, don kowane magani da ma'auninsa. Ƙa'idar kamfanonin magani ma ta hana irin wannan kwatanci. Tiramol mai 225 kuwa haramtacce ne, 50 da 100 kaɗai hukumar NAFDAC ta yarda da su, wuce kima yakan jawo farfaɗiya. Malamai, lalle mu gargaɗi almajiranmu: likita ke yanka ma'auni.