Fitowar da Ba Ta Iso Ba

Ɗan Bazaga, a yankin Birnin Ƙonni, idan karatu ya yi nisa, ko dai ya nufi jami'ar Tawa ko ya tsallaka Illela zuwa Sakkwato. Ko'ina ya sauka, wata rana zai ci karo da giɓi a kantar mujallu: ga fitowa ta biyu, ga ta huɗu, ta uku ko sama ko ƙasa.

Ma'aikatan laburare suna da tsarin bin sawu. Kowace mujalla da katinta, ko shafinta a kwamfuta, inda ake shigar da duk fitowar da ta iso. In aka ji shiru, sai a aika wa mawallafi ko dillali takardar cigiya, ɗauke da lambar ISSN mai alƙaluma takwas, lambar kundi da ta fitowa, da shaidar biyan kuɗi. Manyan kamfanoni kan ba da wa'adin wata uku zuwa shida. Wanda ya yi gaggawa a ce ya jira, wanda ya makara ya sake saye, in ma da saura.

Sai dai wannan tsari an ɗinka shi ne daidai wuyan mai kuɗi a hannu da gidan waya mai aiki. Faɗuwar naira daga 1986, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun sa dakunan karatu da dama sun daina biyan kuɗin mujallun waje. Irin wannan giɓi ba a cigiyarsa, don ba ɓata ya yi ba. Dillalin ma yakan faɗi: Swets na ƙasar Holan ya karye a 2014 da kuɗin jama'a a hannunsa.

Abin ya fi ciwo a kan mujallun gida, irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da Mu Ƙara Sani ta cibiyar IRSH a Yamai, don abin da ke cikinsu da wuya a same shi a wani wuri. Mujallar jami'a kwafi kaɗan ake bugawa, wani lokaci a haɗe shekara biyu a bugu ɗaya. Ma'aikaci kan rasa gane ko fitowar ɓata ta yi ko ba a buga ta ba sam. A nan takarda ba ta kai ƙafa ba: a buga wa edita waya, a aiki malamin da zai je taro, ko a roƙi wani laburaren ya ɗauko hoton nasa kwafin, domin ba a kai kundi wurin ɗauri sai ya cika.